Na koma Linux, amma gwiwata ta fara sanyi

Nafisa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙorafi gare ni, kuma shawara nake nema. Kwamfutata ta kwana biyu amma lafiyarta ƙalau. Da aka daina sabunta Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, na duba na ga ba za ta ɗauki Windows 11 ba, don ba ta da TPM 2.0, wani ɗan guntun tsaro da Windows 11 ke buƙata. Sai aka ba ni shawarar Linux, wani tsarin tafiyar da kwamfuta a madadin Windows. Aka ce kyauta ce, ba ta da nauyi, kuma duk abin da nake yi a da zan ci gaba da yi. Aka ɗora mini ɗaya daga cikin nau'o'in Linux da aka gina kan wani nau'inta mai suna Ubuntu.

Sauri kam tana da shi, ban musa ba. Amma wayifai ya ɓace ɗungum, ko alamarsa babu a ƙasan allo. Takardun da ake turo mini daga wurin aiki idan na buɗe sai in ga layuka sun goce, shafi uku ya koma huɗu, tebur ya tsallaka wani shafi. Na buɗe baƙin allon nan da ake rubuta umarni, ya nemi kalmar sirri, ina bugawa ba abin da ke fitowa. Da na yi tambaya a wani wuri, amsar da na samu ita ce in je in karanta bayanan da aka riga aka rubuta. To da wane intanet zan karanta? Wannan ya fi komai ɓata mini rai. Don Allah ku faɗa mini gaskiya, in haƙura in ci gaba ko in nemi hanyar komawa?

Abba

Wa alaikumus salam. Yaya Nafisa, Linux ba ta da laifi a nan. Manyan kwamfutoci 500 mafi ƙarfi a duniya duk da ita suke aiki tun 2017. Wayar Android da ke hannunki ma a kan kanel ɗinta, wato zuciyar tsarin, take. Matsalar ita ce mutane na zuwa da tunanin Windows, suna so komai ya zama danna nan danna can. Ki dage ki koyi taminal, wato baƙin allon nan, cikin ɗan lokaci za ki ga ba ki buƙatar kowa.

Malam Habibu

Abba, duk abin da ka faɗa gaskiya ne, sai dai ba shi aka tambaya ba. Waɗancan manyan kwamfutoci suna da ƙwararru da ake biya don su kula da su, ita kuwa ita kaɗai ce da kwamfutar da ba ta hawa intanet.

Nafisa, mu fara da wayifai, don shi ne ƙofar sauran. Ɗauko wayarki da kebul ɗin caji, ki haɗa ta da kwamfutar, ki shiga saitin wayar ki kunna raba intanet ta USB. Linux tana gane wannan da kanta, ba sai an saka komai ba. Da zarar kin ga intanet ya hau, nemi manhajar da ake kira Additional Drivers, a Linux Mint kuma sunanta Driver Manager. Za ta bincika ta nuna miki ko akwai direban da katin wayifai ɗinki ke jira, wato 'yar manhajar da ke sa shi aiki. Ki zaɓa, ki bari ta gama, ki kashe ki kunna.

Ga abin da ke jawo haka. Direbobin yawancin na'urori suna zuwa ne a cikin kanel, shi ya sa linzami da madannai da sauti suka tashi ba tare da kin taɓa komai ba. Amma akwai kamfanonin da ba sa sakin bayanan na'urorinsu, ko kuma su saki direba a rufe da sharaɗin da bai ba da damar a haɗa shi cikin kanel ba. Irin wannan sai an sauko da shi daban. Kuma ga inda abin ya zama tarko ga sabon shiga: ana buƙatar intanet don a gyara intanet. Debian, wani tsohon nau'in Linux, ta yi shekaru tana ƙin saka irin waɗannan rufaffun fayiloli a faifan girkawarta saboda aƙida, sai da mambobinta suka yi zaɓe a 2022, sannan Debian 12 ta fito da su a ciki a watan Yunin 2023. Kin ga ba ke kaɗai kika taɓa yin tuntuɓe a wurin ba.

Abu ɗaya ki kula. Idan Secure Boot, tsarin tsaron da ke tantance manhajoji lokacin tashin kwamfuta, a kunne yake, za a ce ki ƙirƙiri wata kalmar sirri ta wucin gadi. Rubuta ta a takarda. Bayan kin sake kunnawa wani shuɗin allo zai tare ki, kar ki tsorata, kar kuma ki wuce shi. Zaɓi Enroll MOK ki bi shi har ƙarshe. Idan kika tsallake, direban yana nan amma ba zai yi aiki ba.

Nafisa

Allah ya saka da alheri, Malam. Zan gwada yanzu. Amma maganar baƙin allon fa? Ni tsoronsa nake ji. Me ya sa duk wanda aka tambaya sai ya ba da umarnin da za a kwafa, alhali mutum bai san abin da yake aikatawa ba?

Injiniya Rabi'u

Ƙanwata, kalmar sirrinki tana shiga, ɓoye ta ake yi don kada na kusa ya ƙirga haruffanta. Ki buga ki danna Enter kawai. Tsohon tsari ne da aka gada daga Unix, tsarin da Linux ta kwaikwaya, kuma a ganina ya kamata a ce akwai layi ɗaya da ke sanar da sabon mutum hakan. Mint ta gyara nata, tana nuna taurari.

Dalilin da ya sa muke ba da umarni kuwa, ba wai don babu hanyar dannawa ba ne. Fuskar Linux ba ɗaya ba ce. Akwai GNOME, akwai KDE Plasma, akwai Cinnamon, akwai Xfce, kowacce da inda ta ajiye saitinta. Idan na ce ki danna kusurwar dama, mai yiwuwa a taki a hagu yake. Umarni kuwa kusan iri ɗaya ne a ko'ina, kuma abin da ya fito za ki iya kwafo mana mu gani da idonmu. Misali, idan shawarar Malam ba ta yi ba, rubuta wannan:

lspci -nnk | grep -iA3 net

Ba ya canza komai, sunan katin kawai zai nuna da direban da ke riƙe da shi. Sai kuma rfkill list, wanda zai faɗa ko wani maɓalli ne ya toshe wayifai ɗin.

Tsoron naki kuma kar ki yar da shi duka. Duk umarnin da ya fara da sudo, kin ba shi ikon taɓa ko'ina a kwamfutar, kuma abin da aka goge da umarnin rm ba ya zuwa kwandon shara. Wanda ya ba ki umarni bai gaya miki abin da zai yi ba, ki tambaye shi kafin ki danna. Haƙƙinki ne, kuma mai taimakon kirki ba zai ji haushi ba.

Anti Zulai

Ni maganar takardu zan yi, don ita ce sana'ata, kuma na daɗe ina rubutu da LibreOffice, madadin Word da Excel na kyauta. Nafisa, rabin matsalarki salon haruffa ne. Takardar da aka rubuta da Calibri ko Cambria, idan ta zo kwamfutar da babu su, sai manhajar ta ɗauko wani salo ta maye gurbi. Faɗin haruffan ya bambanta kaɗan, kaɗan ɗin nan ya taru layi bayan layi, shi ne shafi uku ke zama huɗu. Akwai salo biyu na kyauta da aka auna daidai da waɗancan: Carlito a madadin Calibri, Caladea a madadin Cambria. Ki neme su a ma'ajiyar manhajoji da sunan fonts-crosextra-carlito da fonts-crosextra-caladea. Na Arial da Times New Roman kuwa, wato Liberation, yawanci suna zuwa tun farko.

Ɗaya rabin ba zan yi miki daɗin baki ba. Takarda mai tebur cikin tebur, ko fayil ɗin Excel mai makiro, wato umarnin da ke aiki da kansa a ciki, ko PowerPoint mai motsi da yawa, ba kullum suke fitowa yadda aka tsara su ba. Abin da nake yi shi ne, takardar da karantawa kawai za a yi in tura ta a PDF. Wadda za mu yi ta gyarawa da abokan aiki in buɗe ta a Word na cikin burauza. Wasu sun fi jin daɗin OnlyOffice saboda ya fi kusa da tsarin docx.

Abin da ke damuna shi ne wanda ya ce miki duk abin da kike yi a da za ki ci gaba da yi. Wannan jumlar ta kori mutane daga Linux fiye da kowane direba. Photoshop ba ya nan. AutoCAD ba ya nan. GIMP da Krita da Inkscape manhajoji ne masu kyau, amma wanda ya shekara goma hannunsa ya saba da wani abu, aiki na jiransa gobe, ba za ka ce masa duk ɗaya ne ba. Kafin a ɗora wa mutum, a zaunar da shi a tambaye shi da me yake neman halaliyarsa a kwamfutar. Sannan a tayar da Linux daga filashi ba tare da an goge komai ba, a gwada wayifai, a gwada firinta, a buɗe takardunsa na gaske. Gani ya kori ji. Da an yi wa Nafisa haka, da tun kafin a taɓa rumbun kwamfutar an san katin nan zai ba da wahala.

Abba

Anti, na ji, amma a riƙa adalci. Kyauta aka ba mutum abu, mutane sun sadaukar da lokacinsu sun rubuta, sannan ya zo yana faɗa kamar ya biya kuɗi. Linus Torvalds yana ɗalibi a Helsinki ya fara wannan a 1991, ba wanda ya ɗauke shi aiki. Masu amsa tambaya ma ba albashi suke karɓa ba. Idan an yi maka tambaya iri ɗaya kullum, kuma amsar tana rubuce, dole wata rana ka ce a je a karanta.

Anti Zulai

Abba, ɗana, Nafisa ba faɗa ta yi ba, tambaya ta yi. Kuma wanda ya gaji da amsawa yana da hanya mai sauƙi: ya yi shiru ya bar wa wani. Ba wanda ya tilasta masa. Amma ya buɗe baki don kawai ya nuna wa baƙo cewa bai iya ba, wannan ba gajiya ba ce.

Malam Habibu

Bari in ƙara a kan ta Hajiya Zulai. Hoton nan na cewa 'yan sa-kai ne kaɗai ke rubuta Linux ya tsufa. Yawancin aikin kanel a yau ma'aikatan kamfanoni ne ke yinsa da albashinsu: Intel, Red Hat, Google, AMD da sauransu. Sai dai kuɗin ya fi karkata inda riba take, wato sabobi, manyan kwamfutocin da ke riƙe da intanet, da wayoyi. Kwamfutar kan tebur ta mutum ɗaya ita ce ke samun ragowa, kuma a nan ne 'yan sa-kai suka fi ɗaukar nauyi. Shi ya sa za ka ga Linux tana riƙe da rumbun bayanan banki ba gargada, amma ta tsaya tana jayayya da na'urar sikana.

Ni ƙorafin sabon shiga ina ɗaukarsa da daraja. Mu da muka daɗe idonmu ya daina ganin ramukan, ƙafarmu ce ke kauce musu da kanta. Ubuntu ma da Mark Shuttleworth ya kafa a 2004, ai don irin wannan ƙorafin aka yi ta, saboda girka Debian a lokacin sai wanda ya sani. A wancan zamanin an sha cewa wanda bai iya ba ya koya. Da an tsaya a kan wannan maganar, da Abba kansa bai samu mai sauƙin da ya fara da ita ba.

Sadik

Tunda ana maganar, ni ma ga tawa. Kali Linux na ɗora don ina sha'awar harkar tsaron intanet, kuma ita kaɗai ce a kwamfutar. Wasannina ba sa tashi, kuma bayan na ƙara wata ma'ajiya da na gani a bidiyo, sabuntawa ta tsaya da jan rubutu.

Injiniya Rabi'u

Sadik, Kali kayan aiki ce ta masu gwajin tsaro, kuma masu yin ta da kansu sun rubuta cewa ba su ba da shawarar ta ga wanda bai saba da Linux ba, ko mai neman kwamfutar amfanin yau da kullum. Sun kuma yi gargaɗi a kan ƙara ma'ajiyar da ba tasu ba, don tana karya tsarin, wanda shi ne ya same ka. Gyaran zai fi sake girkawa wahala. Kwashe fayilolinka, ka ɗora Mint ko Ubuntu ko Fedora, sannan ka saka Kali a cikin VirtualBox, manhajar da ke ƙirƙirar kwamfuta a cikin kwamfuta. A can ko ka lalata ta, gogewa kawai za ka yi ka sake.

Wasanni kuwa an ci gaba sosai tun da Valve, mai kasuwar wasanni ta Steam, ta fito da Proton mai tayar da wasannin Windows a Linux a 2018, kuma na'urar wasanta Steam Deck da ta fito a 2022 Linux ce a cikinta. Dubban wasannin Windows suna tashi ta Steam. Inda aka maƙale shi ne wasannin gasa masu manhajar hana maguɗi da ke shiga can cikin tsarin, irin Valorant da Fortnite. Waɗannan ba dabarar da za ta tashe su, shawarar masu wasan ce. Duba sunan wasanka a shafin ProtonDB, inda ake nuna waɗanda ke tashi, kafin ka yanke hukunci.

Nafisa

Alhamdu lillahi, wayifai ya dawo. Shuɗin allon ya fito kamar yadda Malam ya ce, da rubutu manya-manya, linzami ma ba ya motsi a wurin sai da kibiyoyin madannai. Na sauka kan Enroll MOK, ya tambaye ni ko in ci gaba, na buga kalmar da na rubuta a takarda, nan ma ba abin da ya fito, amma yanzu na san dalili. Tana gama tashi sai ga sunayen wayifai sun jeru. Haruffan Anti ma na saka, takardar ta koma shafi uku, tebur ɗaya ne har yanzu ya ɗan karkace.

Sai dai wajen neman haruffan na ga wani abu. Manhaja ɗaya ta fito mini sau biyu a ma'ajiya, girman ɗaya ya ninka ɗayar nesa ba kusa ba. Wacce ake ɗauka?

Injiniya Rabi'u

Kin taɓo inda ni kaina nake ganin laifinmu ne, ba na wani kamfanin na'ura ba. Hanyar saka manhaja a Linux ta yi yawa. Akwai deb na gidan Debian, akwai rpm na gidan Fedora, akwai Snap na Canonical, kamfanin Ubuntu, akwai Flatpak, akwai AppImage. Ƙaramar da kika gani deb ce, tana amfani da kayan da ke cikin tsarin, amma sau da yawa tsohuwar fitowa ce. Babbar kuwa Snap ce ko Flatpak, tana zuwa da kayanta a jikinta, ta fi sabunta, kuma a killace take, shi ya sa wani lokaci ba ta ganin filashi ko wata jaka sai an ba ta izini. Ubuntu ta mayar da Firefox ɗinta Snap, Mint kuma ta toshe Snap tun fitowarta ta 20 a 2020. Mutumin da ya zo jiya ina ruwansa da wannan rigimar? Shi burauza yake nema.

Malam Habibu

Injiniya, a nan mun ɗan saɓa. Lasisin GPL da ya ba kowa damar ɗaukar manhaja ya gyara ya raba, shi ne ya haifi wannan yawan. Ba za ka ba mutane 'yanci sannan ka hana su rabuwa ba. Kuma yawan nan ne ya sa kwamfutar Nafisa ta samu mai ɗaukarta bayan an ce ta tsufa. Da hanya ɗaya ce, ranar da mai hanyar ya juya mata baya shi ke nan.

Injiniya Rabi'u

Allah ya gafarta Malam, ban ce a hana kowa ba. Cewa na yi kada a zube wa baƙo duka a gabansa ranar farko. Ma'ajiya ta zaɓar masa ɗaya, ta ɓoye sauran sai ya nema. Mu ma idan an tambaye mu wacce Linux za a fara da ita, mu daina jero sunaye goma kowa na yabon tasa. A ce masa Mint ko Ubuntu mai dogon tallafi, wadda ke fitowa a Afrilun kowace shekara biyu da sabuntawar shekara biyar. Nafisa, a taƙaice: fara da ƙaramar. Idan kin ga ta rasa wani abu da kike buƙata, sai ki koma babbar. Kuma ki saka Timeshift yau, ki bar shi ya ɗauki kwafin tsarin yanzu da komai ke aiki, don ranar da sabuntawa ta zo da matsala ki koma baya cikin mintuna. Ki sani tsarin yake adanawa, takardunki sai kin kwafe su daban.

Lawal

Salamu alaikum, na zo a makare. Ni ban goge Windows ba, na haɗa su biyu a kwamfuta ɗaya. Duk lokacin da na fito daga Linux na shiga Windows sai in tarar agogo ya sauya. Kuma ɓangaren da fayilolina suke, Linux tana buɗe shi amma ba ta bari in ajiye komai a ciki. Ina kuma so in ƙara wa Linux wuri, don wanda na ba ta ya kusa cika.

Abba

Wa alaikumus salam, Malam Lawal. Na agogo: Linux tana ajiye agogon cikin na'ura a kan lokacin UTC, wato ma'aunin lokaci na duniya, Windows kuma a kan lokacin ƙasar da kake, sai kowacce ta riƙa gyara na ɗayar. A Linux rubuta sudo timedatectl set-local-rtc 1. Abin da yake yi kawai shi ne ya sa ta bi tsarin Windows, kuma idan ka sa 0 a wurin 1 ya koma yadda yake. Zai nuna maka gargaɗi, wanda ya fi shafar ƙasashen da ke sauya agogo da rani da hunturu.

Na fayiloli kuma Fast Startup ne, saitin Windows na saurin tashi. Idan yana kunne, Windows ba ta mutuwa gaba ɗaya, tana barin ɓangaren a matsayin wanda ake kan amfani da shi, Linux kuma ta ƙi rubutu a kai don kada ta lalata maka kaya. Shiga Power Options a Windows ka cire alamar da ke kansa, ka kashe kwamfutar sosai, sannan ka shiga Linux.

Ƙarin wuri da manhajar GParted ake yi, daga filashi, don ba a matsar da ɓangaren da ake tsaye a kansa. Amma kafin nan duba ko BitLocker, makullin da Windows ke sa wa rumbun kwamfuta, a kunne yake. Idan haka ne, nemo mabuɗin ceto mai lamba 48 ka rubuta shi a wani wuri da ba cikin kwamfutar ba, ka rage ɓangaren Windows daga cikin Windows ɗin kanta da Disk Management, kuma ka kwafe fayilolinka zuwa wani rumbun tukuna. Turo mana abin da lsblk -f ya nuna maka, mu ga yadda ɓangarorin suke jere kafin ka matsar da komai.